Rabin Bonet

A layin bayan kasuwa, tsakanin mai faci da masu walda, akwai wata rumfar kwano da ake wanke motoci a cikinta, amma ko famfo babu. Baƙo in ya zo sai ya yi ta dube-dube yana neman tiyo ko tanki. Ba ya ganin komai sai igiya da aka shanya tawul-tawul a kai, da kwalaben feshi uku a jere kan benci, da wani gajeren tsoho mai furfura har a gira yana ninke ƙyalle kamar wanda zai kai wa surukai. Shi ne Mai-tsumma. Tun yana jin haushin sunan har ya haƙura, yanzu in ka kira shi da na gaskiyar ma ba lallai ya waiwayo ba.

Tsofaffin motoci kaɗai yake karɓa. A cewarsa tsohuwar mota ba ta son wanka, domin robar bakin gilasai da ta ƙofofi duk ta bushe ta tsattsage. In ka sakar mata ruwa da ƙarfi, ta nan zai bi ya kwanta cikin ƙofa da ƙarƙashin kafet, inda rana ba ta kaiwa. Kai kana murna mota tana sheƙi, ita kuwa tsatsa tana cin ta ta ciki.

Saboda haka da kwalba yake aiki. Zai fara kakkaɓe ƙurar sama da buroshi mai laushi, sannan ya fesa ruwan maganinsa a ɗan wuri, faɗin tafi biyu, ya tsaya ya bar dattin ya jiƙa. Tawul ɗin sai ya ninke shi biyu, ya ƙara ninkewa, ya zama yana da fuska takwas. Ja ɗaya ne a miƙe, ba komawa baya, ba zagaye, don yashin da ka ɗauko in ka mayar da shi kan fenti ƙarce shi zai yi. A ƙarshen kowane ja yakan murɗa wuyan hannu ya ɗaga tawul ɗin, dattin ya tashi tare da shi, sai ka ga wata 'yar ƙugiya ta fito a bakin ƙurar da ta rage. Sai an gama wannan kaf, an bi da busasshen tawul, an shafa da bayan yatsu an ji babu ko ƙwayar yashi, sannan ake maganar man goge fenti. Mai faci yakan tambaye shi ko a gida ma haka yake wanka, da kwalba da tsumma. Shi kuma ya ce in dai ruwa ne yake gyara mutum, ai da mai faci ya fi kowa kyau a layin, tun da wuni yake da hannu cikin baho.

Mutum ɗaya ya taɓa koya wa aikin nan har ya iya, wato autansa. Shekara shida ke nan rabon da su yi magana.

Abin da ya haɗa su bai kai a yi shekara shida a kansa ba, amma ka san uba da ɗa in suka yi taurin kai iri ɗaya. Wata rana Mai-tsumma ya kai matarsa asibiti, ya bar wa Auta motar wani dattijo da ya daɗe yana kawo musu aiki. Auta a lokacin ya kai shekara talatin, ya gaji da a ce motar da ake wankewa cikin minti ashirin a bakin titi su sai sun yi kwana biyu a kanta. Ya aro tiyo a wajen masu walda ya yi mata wanka tas. Bayan kwana huɗu aka dawo da ita a jaye. Ruwa ya shiga wayoyi ta ƙi tashi, cikinta yana warin jiƙaƙƙen kafet, ƙofar baya in ka girgiza ta sai ka ji ruwa yana motsi a ciki. A gaban dattijon, a gaban mai faci da masu walda da duk wanda ya tsaya kallo, Mai-tsumma ya fizge tawul daga hannun ɗansa ya ce, "Kada hannun nan ya sake taɓa tsummana. Ni ban koya wa kowa aiki ba."

Auta ya juya. Ya ɗauki rigarsa a ƙusar da yake rataye ta, ya fita.

Yanzu yana da nasa wurin wankin a babban titi, da injinan feshi da kumfa da ma'aikata masu riga iri ɗaya, ruwa yana gudu har cikin kwata. Mai-tsumma ya san wurin sarai. Sau da yawa bas takan wuce da shi ta gabansa, yakan kau da kai tun daga nesa, sai an kusa wucewa wuyan ya ci amanarsa ya juya. Sau biyu ya hango shi, ɗaya ma ta ƙeya ne, ya ga ya ɗan yi ƙiba.

Uwar yaran kuwa ba ruwanta da rigimarsu, duk ƙarshen mako tana gidan Auta. In ta dawo sai ta zauna tana ba bango labari, tun da maigidan ya ce shi ba ya son ji: 'yar Auta ta yi haƙori, 'yar Auta ta fara tafiya, ita ma da hagu take karɓar abu kamar ubanta. Shi kuma sai ya rage ƙarar rediyo a hankali, wai batir ne ya yi sanyi. Yana kewar ɗan nan nasa, kewar da take hana mutum jin daɗin abinci, amma da ya faɗa gara a cire masa haƙori ba allura. Ƙusar rigar tana nan a jikin ginshiƙin rumfa, bai taɓa rataye komai a kanta ba.

Wata Talata da hantsi wata doguwar mota ta shigo layin tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Koriya ce, irin koren da aka daina yi, ƙura ta yi mata bargo, kashin tsuntsaye ya bushe a rufinta. Mai tuƙin ta share ɗan wuri a gilashi daidai idonta, ta nan take leƙen hanya. Ta fito ta gaishe shi, mace ce mai gilashin ido, ta ce ita malamar makaranta ce da ta yi ritaya, motar kuma ta mahaifinta ce. Shekara goma sha ɗaya tana kulle a gareji tun rasuwarsa, sai watan jiya makanike ya tayar da injin.

"So nake in ƙara ganinta yadda take lokacin da yake kai mu makaranta," in ji ta. "Na kai ta wani wurin wanki, mai wurin da kansa ya fito ya hana a sa mata ruwa. Ya ɗauko kwalba da tawul ya fara gogewa, can sai ya tsaya, ya ce in kawo maka. Shi ya kwatanta min nan, Baba."

"Su dai ruwa suka iya," in ji Mai-tsumma, ya zagayo gaban motar da hannu a baya.

Sai ya tsaya cak. An share rabin bonet, wato murfin inji, ɓangaren direba, ɗaya rabin yana nan da ƙurarsa. An ja tawul daga gefe zuwa tsakiya, ja-ja a miƙe, babu zagaye ko ɗaya. A tsakiyar bonet ɗin kuwa, inda tsafta ta haɗu da datti, ga 'yan ƙugiyoyi nan a jere tun daga gindin gilashi har hancin mota, sun bushe a jikin ƙurar. Na Mai-tsumma wajen dama suke lanƙwasa. Waɗannan hagu suka yi. Ya ƙirga su da ido, goma sha huɗu. Ya miƙa yatsa zai taɓa ta farko, ya fasa.

"Lafiya, Baba? Ya ɓata ta ne?"

"Bai ɓata ba." Ya yi gyaran murya. "Mutumin, bahago ne?"

Malama ta ɗan yi tunani. "Haka ne kuwa. Da hagu ya rubuta min kwatancen."

"Ki dawo ran Juma'a."

Ya fara daga rufi, kamar yadda ya saba. Kashin tsuntsayen ya ɗora musu jiƙaƙƙen ƙyalle ya bar su sai da suka yi laushi, don in ka kankare su da busa sai su tafi da fenti. Ya sauko ginshiƙai da gilasai, ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, yana juya fuskar tawul, in takwas ɗin sun ƙare ya jefa a bokiti ya ɗauki sabo. Bakin robobi da hannun ƙofa da ɗan buroshin haƙori ya bi su. Bonet kuwa ya kewaye shi. Ya sa benci biyu ya ɗora kwali a sama, ta yadda babu abin da zai goga wurin. Da mai faci ya shigo shan inuwa zai jingina a nan, tsawar da aka daka masa har masu walda sai da suka leƙo.

Mai faci ya ɗaga kwalin ya duba, ya daɗe yana kallo. Shekara talatin suna maƙwabtaka, shi ma ya san hannun.

"Bas ɗaya ce fa tsakaninku," in ji shi.

"Ni zan je? Ai shi ya tafi."

"Tafiya ya yi ko korarsa aka yi? Ina nan tsaye fa ranar."

Mai-tsumma ya ce masa taya tana jiransa.

A wannan yammacin ne ya gano, a nasa tunanin, abin da ya tsayar da Auta. Fentin motar na da ne, ba shi da shafen nan marar launi da ake ƙarawa a kan fentin motocin yanzu, in ka goga sai launin ya biyo tawul. Nasa tawul ɗin duk sun koma kore. To, wanda ya yi shekara shida ba ya taɓa komai sai sababbin motoci, ya ga kore a ƙyalle, ai dole gabansa ya faɗi, ya zaci cinye fentin yake yi. Wannan tunanin ya yi wa tsohon daɗi fiye da yadda ya kamata. Ashe dai har yanzu akwai abin da sai an zo wurinsa. Ya wuni ranar Laraba yana shirya bayanin da zai yi masa, yana maimaitawa ƙasa-ƙasa, yadda ake gane mataccen fenti da mai rai, da inda ake sassauta hannu a kan kusurwa. Da ya gaya wa matarsa a gida, wai a matsayin labarin aiki, kallonsa kawai ta yi ta ci gaba da ninke kayan wanki. Ta ce Allah ya ba shi lafiya.

Ran Alhamis ya shafa man goge fenti, da hannu, don inji zai iya cin tsohon fenti har ya kai ƙarfe. Kaɗan-kaɗan koren ya dinga farfaɗowa, mai duhu, mai zurfi, har igiyar shanya ta fara bayyana a jikin ƙofa. Ya ga fuskarsa a ciki, ya ga yadda ya tsufa a shekara shidan nan, bai ji daɗi ba.

Malama ta zo ran Juma'a. Ta tsaya a bayan motar, ta cire gilashi ta goge ido, ta ce ga ƙofar da take zama, ga inda ƙanenta ya taɓa manna cingam aka yi masa faɗa. Ta zagayo gaba tana murmushi, sai ta ga rabin bonet yana nan yadda ta kawo shi.

"Baba, wannan fa?"

"Wanda ya fara shi zai ƙarasa. Ba a haɗa hannu biyu a bonet ɗaya, sheƙin sai ya bambanta."

Ƙarya ce tsagwaronta, babu wannan dokar a aikin. Matar da ta yi shekara talatin da biyar tana sauraron dalilin da ya hana yara yin aikin gida kuwa ba a yi mata irin wannan. Ta dube shi ta saman gilashi.

"Ɗanka ne?"

Mai-tsumma ya ɗauki tawul ɗin da yake a ninke ya warware ya sake ninkewa.

"Zan biya in faɗa masa," in ji ta. "In ya ƙi zuwa fa?"

"To ki zo gobe ƙarfe biyar, in ƙarasa miki da kaina. Ba zan riƙe miki motar mahaifinki ba."

Washegari tun da safe ya share rumfar, abin da bai cika yi ba. Ya zaɓi tawul shida mafi laushi ya jera. Ya cika kwalba ya ajiye ta a dama da tawul ɗin, don bahago da dama yake feshi. Wani ya kawo mota, tsohon ya ce masa sai Litinin. Daga nan ya zauna a benci yana fuskantar bakin layi. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe rabin miƙewa, ya koma ya zauna yana gyara takalmi. Rana ta take, inuwar rumfa ta juya, abincin da aka kawo masa ya huce a kwano. Ya ɗaga kwalin ya ƙara ƙirga ƙugiyoyin, suna nan goma sha huɗu. Su kaɗai ne abin ɗansa da ya shigo rumfar nan a shekara shida, kuma yau da hannunsa zai share su.

Biyar saura kaɗan tasi ta sauke Malama, ita kaɗai.

"Na faɗa masa, Baba. Bai ce min komai ba."

"Ba komai," in ji shi. "Aiki ne ya yi masa yawa."

Ya janye bencin, ya cire kwalin, ya ninke tawul. Ya fesa magani a kan ƙugiya ta farko, ta gindin gilashi, ya tsaya yana jira ta jiƙa.

"Kai, tsoho!" Mai faci ne a bakin rumfa yana goge hannu a wando. "Ka zo ka ɗauke min baƙonka. Tun ƙarfe ɗaya yake zaune a bayan tayoyina, ya shanye min shayi, ya hana ni hira da mutane. Na ce ya shigo, ya ce shi ba a ce ya shigo ba."

Auta ya fito daga bayan tarin tayoyin. Ya yi ƙibar da gaske, ga furfura biyu-uku a gemu, abin da uwarsa ba ta taɓa gaya wa bango ba. Ya tako har bakin rumfar ya tsaya daidai inda inuwa ta ƙare, ya russuna.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau." Duk abin da tsohon ya tara a ƙirji ya taso masa, bai san da wanne zai fara ba, sai ya kama wanda ya haddace. "Koren nan da ka gani a tawul, ba wani abu ba ne. Fentin da haka yake, mataccen na sama ne yake fita, ba sai ka ji tsoro..."

"Na sani, Baba. Shekara goma sha biyar ina wanke maka tawul masu kore da ja da shuɗi." Auta ya dubi bonet ɗin. "Ba tsoro ne ya tsayar da ni ba. Da na ƙarasa, da ba ta zo nan ba. So nake ka ga hannun, ko ya gyaru."

Mai-tsumma ya dubi tawul ɗin da ke hannunsa. Bayanin kwana uku ya tashi a banza. Ya miƙa masa tawul ɗin kawai, amma Auta ya mayar da hannayensa baya.

"Ka ce kada ya sake taɓawa."

Injin masu walda ya yi shiru. Sun fito su uku suna tsaye da tabarau a goshi, mai faci yana gefe, ga wasu masu wucewa sun rage tafiya. Kusan mutanen ranar da ya kore shi ne, in ka cire dattijon mai mota. Mai-tsumma ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kunya ta kama shi har kunnuwa, ya ga dai babu wata hanya. Ya fito daga inuwar.

"A gabanku na faɗa, to ku buɗe kunne," ya ce da ƙarfi. "Ni na koya masa aikin nan. Ku je ku duba bonet ɗin can, ko ni ban fi haka ba. Mota ɗaya ya jiƙa, ni kuwa na yi shekara shida ina ɓarna." Ya juyo ga ɗansa, muryar ta sauka. "Na yi kewarka, Auta. Wallahi na yi kewarka. Karɓi."

Auta ya karɓa da hagu. Ya tsaya yana kallon tawul ɗin, ya goge ido da kafaɗa, sannan ya shiga rumfar. Ya cire rigarsa ta sama, ko dubawa bai yi ba ya rataye ta a ƙusar. Malama ta samu benci ta zauna ta ɗora jaka a cinya, ta ce ita ba sauri take ba.

Maganin da aka fesa ya riga ya bushe, sai da uban ya sake fesawa. Suka tsaya su biyu suna jira ya jiƙa, kafaɗa kusa da kafaɗa. Sannan Auta ya ja tawul, ja ɗaya a miƙe, ya murɗa ya ɗaga, ƙugiya ta farko ta tafi.

"A hankali kan kusurwar nan," in ji Mai-tsumma, don bakin ya riga ya saba.

"To, Baba."

Tsohon ya matsa gaba ya fesa a kan ta biyu. Yana riƙe da kwalbar, idonsa a kan ƙurar da take jiƙa, ya ce, "Yarinyar, da gaske da hagu take karɓar abu?"